Yauƙin kuɓewa da ƙaro a cikin aikin magani

Duk matar da ke kaɗa miya a ƙasar Arewa ta san yauƙin kuɓewa. Mai kiwo a dajin Dogondutsi kuwa ya san yadda ƙaron dakwara ke kama haƙori. Wannan danƙo shi ne masana haɗa magani suke bincike a kansa a yau.

Ga dalili. Cikin bakin mutum, da hancinsa, da hanjinsa, akwai wata fata mai laushi da damshi. Idan aka sa magani a baki, miyau yakan wanke shi nan da nan. Amma idan an haɗa ƙwayar da abu mai danƙo, sai ta manne, tana narkewa sannu a hankali, maganin yana shiga inda ake bukata.

To, yaya ake gane danƙon da ya fi riƙo? Ana zuwa mahauta a karɓo fatar cikin kunci ko hanjin akuya ko tunkiya, tun tana ɗanya. A shimfiɗa ta, a jiƙa, a danna ƙwayar a kanta. Daga nan a ɗaura ƙwayar a hannu ɗaya na sikeli, a riƙa ɗiga ruwa a ɗaya hannun, ɗigo bayan ɗigo, har ta saki. Nauyin ruwan shi ne ƙarfin riƙonta. Wani gwajin kuma, tsoma fatar ake yi cikin ruwa ana ɗagawa, a ƙidaya awa nawa ƙwayar ta yi kafin ta faɗi.

Jami'o'in Nijeriya da Indiya sun gwada yauƙin kuɓewa ta haka, ya nuna riƙo mai kyau. Abin mamaki, ƙaro bai kai shi ba: yana saurin narkewa. Amfaninsa ya fi yawa wajen ɗaure garin magani ya zama ƙwaya. Saboda haka masu ɗibar ƙaro a gandun dakwara na Lido, cikin yankin Tibiri, su shanya shi bisa tabarma, kada ƙasa ta shiga.

Irin wannan ƙwaya ta riga ta fito. Akwai ta farin ƙurajen baki, wadda danƙonta daga madara yake: ana manna ta a dasashi sau ɗaya a rana. Idan likita ya ba ka irinta, kada ka tauna, kada ka haɗiye. Kada kuma ka kwaɓa maganin asibiti da kuɓewa a gida, domin yauƙin yana iya jinkirta shigarsa jini.