Ɓeran Masar ba ya bukatar sukari ko madadinsa

A gidajen Yamai da dama, yara suna kiwon ɓeran Masar, wanda ake kira cobaye da Faransanci. Asalin dabbar nan duwatsun Andes ne, wajen ƙasar Peru. Nauyin babba bai cika wuce kilo 1 ba, saboda haka abu kaɗan yana iya yi masa illa.

Masu ciwon sukari suna sayen ƙwayoyin zaƙi a farmasi, suna sa wa shayi maimakon sukari. Akwai sakarin, wanda aka gano a Amurka a 1879, da aspartam, wanda aka gano a 1965. Akwai kuma sorbitol da zilitol, waɗanda ake sawa cikin cingam da alewar da aka rubuta wa « sans sucre ». Yaro yakan ce: tun da babu sukari, bari in ɗanɗana wa dabbata. To, nan ne haɗarin yake.

Cikin ɓeran Masar na ciyawa ne. A hanjinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar masa da abinci. Sorbitol da zilitol suna jawo ruwa cikin hanji, su kawo zawo, har ga mutum in ya sha da yawa. Zawo kuwa yana iya kashe ƙaramar dabba cikin ƴan kwanaki. Masu kare su ƙara hattara: zilitol yana kayar da sukarin jinin kare cikin awa 1, yana kuma ɓata masa hanta.

Abin da ɓeran Masar ke bukata shi ne bitamin C, don jikinsa ba ya yin sa, kamar dai na ɗan Adam. Likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka gano a 1907 cewa dabbar tana ciwo in an hana ta ɗanyen ganye.

Saboda haka, jama'a, a ba shi ciyawa mai tsabta dare da rana, domin haƙoransa ba sa daina girma, tauna ce ke rage su. A ƙara masa ganyen salati, da tattasai maras yaji, da ɗan karoti daga garaken Gamkalle ko Saga, da ruwa tsantsa. Ƙwayoyin zaƙi da cingam, a ajiye su inda yara ba sa kaiwa. In dabba ta yini ba ta ci ba, ko ta yi zawo, a kai ta wurin likitan dabbobi ran nan.