Yadda ake gane tsohon takobin sojan Japan

Dubban 'yan Arewa sun gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Don haka idan a Kura ko Bunkure ka gaji takobi mai ɗan lanƙwasa, mai yiwuwa na sojan Japan ne, kada ka yi saurin kai wa maƙeri ya wasa shi.

Fara da ƙota. A takubban hafsoshi, samfurin 1934 da 1938, ɗan tsinken gora ne ke riƙe ta. Idan aka zare shi, ƙarfen ciki zai fito, inda maƙeri kan sassaƙa sunansa, wani lokaci har da shekara. Samfurin 1935 na su saje kuwa aikin inji ne, lambar ruwan takobin ta dace da ta kube.

Jabu sun yi yawa. Tsatsar ƙarfen cikin ƙota ce shaidar tsufa, kada ka kankare ta.