Idan Ɗanmu Ya Kwanta Ciwo a Jami'a, Wa Zai Biya?

Kowace shekara muna tsayar da yaranmu da suka sami gurbin karatu a gaban ikkilisiya, mu yi musu addu'a. Iyaye sun haɗa kuɗin makaranta, an auna gari da wake, an sayi katifa da bokiti. Tambaya ɗaya ce ba mu cika yi ba: idan yaron nan ya kwanta ciwo a Zariya, ko Jos, ko Maiduguri, ina zai je, wa kuma zai biya?

Amsar takan same mu da tsakar dare, ta waya. Da gari ya waye uba ya kai akuya ko buhun masara kasuwa, ran Lahadi dattawa su sanar da baiko na musamman. Mun sha ganin haka cikin hidimarmu. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, wani lokaci sai bayan an gama wahalar a gano cewa yaron ya riga ya biya kuɗin jinyarsa tun ranar da ya biya kuɗin makaranta, shi dai bai sani ba.

Mene ne inshorar lafiyar ɗalibai?

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shirin ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya kuma ta zama dole ga mazauna Najeriya. A ƙarƙashin wannan hukuma akwai shiri na musamman da ake kira TISHIP, domin ɗaliban jami'o'i, da kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi.

Yadda yake aiki ba wuya. Kowane ɗalibi yana ba da ɗan kuɗi sau ɗaya a shekara, a makarantun da suka shiga shirin ana haɗa shi cikin kuɗin rajista. A tara a wuri ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ya yi kama da adashi, amma da bambanci: a adashi kowa yana jiran ranar ɗaukarsa, a nan kuwa mara lafiya ne kaɗai yake ɗauka. Wanda ya gama shekara lafiya bai yi asara ba, kuɗinsa ya ceci abokin karatunsa.

Iyayen da ke aikin gwamnatin tarayya su lura. Inshorarku tana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aurensa, da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Yawancin yaranmu suna cika 18 daidai lokacin shiga jami'a. Katin baba ya daina yi musu aiki ke nan.

Matakan jinya

Mataki na farko shi ne asibitin cikin makaranta. A nan ɗalibi zai ga likita, a gwada jininsa, a ba shi maganin cututtukan yau da kullum kamar zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da gudawa, da ƙananan raunuka.

Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, irin su asibitin koyarwa na Shika ga ɗaliban Zariya, ko na Malam Aminu Kano ga ɗaliban Bayero. A nan ne kamfanin da ke kula da biyan kuɗin, wanda ake kira HMO, yake shigowa: shi ke ba da lambar amincewa, shi ke biyan babban asibitin. Wanda ya tsallake asibitin makaranta ya kai kansa wani wuri ba takarda, daga aljihunsa zai biya. In larurar gaggawa ce, kamar haɗarin mota, a fara ceton rai, amma a sanar da makaranta da kamfanin nan da nan.

Mu faɗi gaskiya kuma: shirin bai ɗauki kome da kome ba. Manyan ayyuka irin dashen ƙoda ba sa ciki. Akwai ranar da za a tarar da dogon layi, akwai ranar da za a ce maganin ya ƙare. Duk da haka, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita, da babu gara ba daɗi.

Ba rashin bangaskiya ba ne?

Wasu matasanmu sun yi mana wannan tambaya. Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna kuma yi wa marasa lafiya addu'a. Amma a Farawa 41, Allah ne da kansa ya ba Yusufu hikimar tara hatsi a shekaru bakwai na ƙoshi saboda shekaru bakwai na yunwa. Luka, abokin tafiyar Manzo Bulus, likita ne. Tanadi ba gāba yake yi da addu'a ba. Ɗalibin da zazzaɓi ya kama kwana uku, abokansa na zumunta su yi masa addu'a a hanyarsu ta kai shi asibiti.

Abin da za mu yi

1. A duba takardar biyan kuɗin makaranta, a nemi wurin da aka rubuta TISHIP ko kuɗin asibiti. A adana rasit.
2. A makon farko ɗalibi ya je asibitin makaranta ya buɗe fayil, ya karɓi kati. Biyan kuɗi kaɗai bai isa ba. A nan ne yawancin yaranmu suke tuntuɓe.
3. Gwajin lafiya na shiga makaranta a yi shi da gaske, kada a sayi takardar ƙarya. Mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya ya faɗa wa likita tun yana kan ƙafarsa.
4. A karɓi suna da lambar wayar kamfanin HMO, iyaye ma su riƙe. A tambaya tun yanzu yadda za a yi idan ciwo ya zo lokacin hutu ko yajin aiki.
5. A daina sayen ƙwayoyi a kemis ba gwaji. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, musamman da bazara a ɗakunan kwana masu cunkoso, yana iya zama sanƙarau. Ba a kwana da shi.

Shugabannin matasa da zumuntar mata, ga aiki a gabanku. Kafin ɗalibanmu su koma, ku rubuta sunayensu, ku tambayi kowa ɗaya ɗaya: "Ka karɓi katin asibitinka?" Wanda bai karɓa ba, ku sake kiransa bayan mako biyu.

Ubangiji ya tsare fitarsu da shigarsu, ya dawo mana da su lafiya. Amin.