Ɓeran da Ke Kwana Wata Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Ƙasa

A dazuzzukan tsakiyar Turai akwai wani ɗan ɓera mai launin toka da dara-daran idanu baƙaƙe, wutsiyarsa buzu-buzu kamar ta kurege. Masana na kiransa Glis glis, mu kuwa bari mu ce masa ɓeran barci. Daga Mayu zuwa Satumba a kan bishiya yake rayuwa. Dare na yi ya fito bin rassa yana neman 'ya'yan itace, gari na wayewa ya shige kogo.

Wajen Oktoba, bayan ya tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa, sai ya sauko. Yakan haƙa rami mai zurfin rabin mita zuwa mita guda, ya dunƙule a ciki, ya lulluɓe fuskarsa da wutsiya. Babu rumbun abinci a ramin, kitsen nan shi ne guzurinsa. Jikinsa yakan yi sanyi har ya kusa daidai da ƙasar da ke kewaye da shi, zuciya ta koma bugawa jefi-jefi. Haka zai kwashe wata bakwai ko takwas.

Sai dai ba sanyi kaɗai ke kai shi ramin ba, kuma nan ne lamarin ya fi burge ni. Bishiyar bich, wadda da ƙwayarta yake rainon 'ya'yansa, ba kowace shekara take yin 'ya'ya da yawa ba. Shekarar da ta ƙi, ɓeran sai ya fasa haihuwa ɗungurungum. A 2015 masu bincike na jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, a Ostiriya, suka bayyana cewa a irin wannan shekara wasu masu ƙiba sukan koma rami tun farkon lokacin zafi, har barcinsu ya haura wata 11. Tunda ba haihuwa za a yi ba, me zai sa ya tsaya a reshe mujiya ta sure shi? Wannan dabara na cikin abin da ke sa wasunsu wuce shekara 10, abin da ɓeran gida ba ya ko kusantarsa.

Saboda haka, in ana son kare wannan ɓera, barin tsofaffin bishiyoyi masu kogo kaɗai bai wadatar ba. Manyan motocin sarar katako da ke shiga daji da hunturu a kan ɗakin kwanansa suke bi, kuma wanda ke cikin irin wannan barci ba ya iya tashi ya gudu. Hukumomin gandun daji su riƙa sanya ƙasar dajin cikin lissafi kafin su ba da izinin sara.