Mai Riƙe Da Kuɗin Cefanen Asibiti

A gidanmu a kan faifai ake ajiye kuɗin cefane. Baba zai dawo daga masallaci da asuba, ya ajiye, ya zura takalmi ya kama hanyar kasuwa, ko waiwaye babu. Sauran aikin na Inna ne. Takan zauna a gindin murhu ta ƙirga, ta sake ƙirgawa kamar za su haihu a hannunta, sannan ta shiga rabo: na niƙa, na manja, na itace, na kuka da daddawa. Mu goma sha ɗaya ne, ban da baƙon da kan yi sallama ana shirin kwashe tuwo. Mu yara nama muke so. Ita kuwa ta san kuɗin tsokar da za ta ishi mutum uku, su ne kuɗin waken da zai ƙosar da gida duka. Sai ta aika a auno wake, mu yi ta zumɓura baki.

Duk wanda ya tambaye ni mene ne aikin masanin tattalin arziƙin lafiya, wannan faifan nake tunawa. Ba likita ba ne, bai iya allura ba, wataƙila ma in ya ga jini sai ya kau da kai. Yana can wani ofishi a ma'aikatar lafiya ko hukumar inshora, an ajiye masa kuɗin da ba za su isa ba, an ce ya faɗi inda za a zuba su a fi samun rai da lafiya.

Yana da mudunsa. Tun rahoton Bankin Duniya na 1993 aka saba auna cuta da yawan shekarun lafiyar da take cinye wa jama'a, a auna magani da yawan shekarun da yake dawo da su, sannan a duba nawa kowace shekara ta ci. A Ingila hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999, ta yi shekaru da dama tana aiki da ma'aunin fam dubu 20 zuwa 30 a kan kowace shekara guda ta cikakkiyar lafiya. Maganin da ya zarce haka, sai da ƙwaƙƙwaran dalili gwamnati ke saye. Na san abin da mai karatu zai ce: ai rai ba shi da farashi. Gaskiya ne. Amma jaka tana da ƙasa, kuma wanda ya ƙi yin lissafi bai tsira daga zaɓi ba, ya dai bar wa mai babbar murya ne ya zaɓa.

Mai babbar murya kuwa nama yake so: katafaren gini a babban birni, da na'ura daga waje, da ranar yanka kyalle a gaban 'yan jarida. Waken shi ne irin ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel tun 2012, daga ɗan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata a lokacin damina. Wanda ya zauna a ƙauyukan Katsina ko Maraɗi ya ga masu rabon, da jaka a kafaɗa da alli a hannu, suna bi gida-gida cikin caɓi. Babu wanda ke kiran maroƙa saboda yaron da bai kwanta ba. Aikin masanin ne ya ƙirga irin waɗannan yaran, ya kai lissafinsu teburin da ba a gayyace su ba.

Sai dai ita ma Inna ba ita ke yanke yawan abin da za a ajiye a faifai ba. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron yawanci ba ta wuce wajen kashi biyar. Shi ya sa a cikin kowace naira ɗari da ake kashewa kan jinya a Najeriya, fiye da saba'in daga aljihun majinyaci suke fitowa. Ka tsaya a kemis ka ji mace tana cewa, "Malam, a ba ni na kwana biyu, in na samu zan dawo." Wata kuma akuyarta ce ta tafi kasuwa.

Akwai kuma maigidan da kan fita ƙofar gida ya gayyato unguwa cin tuwo bai ƙara ko sisi ba. Tsakanin 2005 da 2006 Nijar ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne. Niyya mai kyau, iyaye kuma suka amsa kira. Amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci suka riƙa makara, bashi ya taru, kantunan magani suka fara bushewa. Ghana da ta kafa inshorarta a 2003 ta fara nuna rijiyar da za a ja ruwan: harajin kashi 2.5 a kan kaya da ayyuka. Tambayar "daga ina?" ita ce ke sa a daina gayyatar masanin taro, ita ce kuma dalilin ɗaukarsa aiki.

Wani lokaci mai cefanen kan hau kujerar maigida. Farfesa Eyitayo Lambo, masanin tattalin arziƙi, ya riƙe ma'aikatar lafiya ta Najeriya daga 2003 zuwa 2007, a zamaninsa inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka ga kuɗin. Shekara huɗu tukunya na kan murhu.

Inda kwatancen nawa ya gaza guda ne. Inna ta san kowane baki a gidan, ta san wanda ya kwana da zazzaɓi. Masanin takarda kawai yake gani, kuma matar da ta rasu wajen haihuwa a rugar da babu mai rubutawa ba ta cikin takardar. Don haka in an karanta kasafin jiharku bana, kada ku tsaya a adadin da aka ce an ware wa lafiya. Ku tambayi ɗan majalisarku nawa aka saki a bara, kuma nawa ne suka isa ɗakin shan maganin garinku.