Idon Maɗinki da Launin Shadda

Yau shirin namu ya yada zango a Soron Ɗinki, cikin birnin Kano, unguwar da aka sani da allura da zare tun kaka da kakanni.

Gogaggen maɗinki ba ya zaɓar zaren aikin babbar riga a cikin zaure. Sai ya fito da yadin bakin ƙofa, ya kara zaren a kai, ya duba da hasken rana. Ya san zaren da ya saje da shadda a ƙarƙashin ƙwan lantarki yana iya fita daban da rana tsaka, sai aska takwas ɗin da aka sha wahalarta ta zama abin nuni ranar hawan sallah.

To, wanne ne launin gaskiya? Yadi dai bai canza ba, zare ma haka. A cikin idonmu akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi. Su ke aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ta kintaci irin hasken da ke wurin, sannan ta yanke cewa wannan shuɗi ne. Ita kanta shaddar abin lura ce. Furannin nan da ke ƙyalli a jikinta rininsu ɗaya da sauran yadin. Saƙa ce ta kwantar da wani zare a tsaye, wani a gicciye, kowanne yana mayar da haske ta fuskarsa. Ka karkata ta kaɗan, sai mai ƙyallin ya dushe, mai duhun ya haska.

Malamanmu sun daɗe da wannan zance. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ke harba haske waje ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da inuwa cewa ido na iya kuskure: ido na ganinta a tsaye cik, amma ka dawo bayan sa'a guda ka tarar ta gusa. A ganina wannan ba dalilin raina ido ba ne. Ido mai ba da shaida ne, shaida kuwa ana tantance ta.

A 2015 duniya ta rabu biyu kan hoton wata riga a intanet, wasu na ganin shuɗi da baƙi, wasu fari da ruwan zinare. Irin haka na faruwa a nan Kano. Hajiya ta zaɓi yadi ta hoton WhatsApp daga Kantin Kwari, kaya su iso, ta ce ba shi ta nuna ba. Mai shago ya rantse shi ne, ita ma ta rantse, alhali fitilar shagon da gilashin wayarta ne suka shiga tsakaninsu.