Baƙin Fadama: Masu Zuwa da Damina, Masu Zuwa da Hunturu, da Abin da ke Korarsu



Idan aka ce fadama a ƙasar Bakori ko Funtuwa ko Malumfashi, abin da zai fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne rake da shinkafa da tumatir da albasa. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin da su ake biyan kuɗin makaranta. Amma fadama tana da waɗansu ma'abota ban da manomi, kuma kowannensu yana da lokacin zuwansa da na tafiyarsa, kamar yadda fatake suke da ranar kasuwa. A kansu ne nake so in yi magana yau.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani, watau shamuwa. Takan iso mana wajen watan Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka ko rimi a tsakiyar gari, ba ta gudun mutane. Da yawa ba su tambayi inda take yini da rani ba. Amsa ita ce ba ta san rani ba sam. In daminarmu ta ƙare sai ta ƙetare tsakiyar Afirka ta nufi kudu, wajen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina take farawa daidai lokacin da tamu take ƙarewa. Abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwari, watau abokan gaban manomi. Saboda haka al'adar kakanninmu ta hana yara taɓa ta ba camfi ne kawai ba, akwai hikima a ciki.

Da saukar ruwa kuma sai ƙasa ta fito da abin da ta ɓoye. Gaiwa takan shige cikin laka idan tafki ya soma ƙafewa, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofa ta shaƙar iska, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Burduddugi ma haka yake yi. Tarwaɗa da karfasa kuwa ambaliya suke jira. In kogi ya tumbatsa ya malala cikin ciyawa, nan suke shiga su saka ƙwai, 'ya'yansu su girma a ruwa marar zurfi mai yalwar abinci. Shekarar da ruwa bai fita daga kwarin kogi ba, masunta sukan gane a komarsu tun kafin a gaya musu. Inda kifi da kwaɗi suka yi yawa nan zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya suke taruwa.

Baƙi na biyu su ne waɗanda ba mu cika lura da su ba, har yawancinsu ba su da suna na musamman a bakin jama'a. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara daskarar da tafkunan Turai da Rasha, ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da tsattsewa sukan taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, tafiyar dubban kilomita. Ruwa na farko da za su gani bayan hamada shi ne na fadamun Sahel: bakin Kogin Sanagal, da malalar Kogin Kwara a ƙasar Mali, da Tafkin Chadi, sai kuma fadamar Haɗejiya da Nguru a nan ƙasarmu. Suna yin hunturu tare da mu, suna tsintar shinkafar da ta zube da ƙwari da 'ya'yan ciyawa, su tara kitse, sa'an nan su juya arewa cikin Maris da Afrilu. Wanda kitsensa bai isa ba, a cikin rairayi yake mutuwa.

An ga tabbacin wannan dangantaka a 1969. A wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro da suka saba gani ko'ina ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku a lokaci ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka gano dalilin ba a Ingila yake ba. Ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne, wanda ya zama somin farin da ya kai ga yunwar 1973. Ashe tsuntsuwar ta riga Gwamnatoci ba da labari.

To, fadamar Haɗejiya da Nguru ita ce ta fi dacewa mu yi nazari, domin duk abin da zai iya samun fadama ya same ta. Tana inda Kogin Haɗejiya da Kogin Jama'are suke watsuwa tsakanin tuddan rairayi a Jihohin Jigawa da Yobe, kafin su haɗu su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. An rubuta tsuntsaye fiye da iri 300 a wurin, kuma a ƙidayar Janairun 1997 an sami tsuntsayen ruwa sama da 320,000. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona da ke ƙasar Bade don ganinsu. A shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa. Kada kuma mu ɗauka wurin ya yi mana nisa. Kudancin Katsina tudu ne da koguna ke tasowa daga gare shi: Kogin Sakkwato kusa da Funtuwa ya faro, wani sashe na ruwanmu kuma gabas yake bi ta Kogin Challawa, har ya isa Haɗejiya.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Babu mai musun amfaninsu, birnin Kano da gonakin Kadawa da Kura shaida ne. Amma dubi abin da suka jawo a ƙasa. A shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar. A shekarun farin 1980, bayan an tare Tiga, akan yi shekarar da ba ta kai rabin haka ba. Masana tattalin arziki da suka auna lamarin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen da fadamar take bayarwa, ruwan da aka bari ya malala ya fi wanda aka tare don noman rani kawo amfani nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ya kamata kowane ma'aikacin tsare-tsare ya karanta shi.

Sai dai raguwar ruwa ba ita ce babbar ɓarna ba. Babbar ɓarna ita ce rikicewar lokacinsa. A da kogi yakan cika da damina ya bushe ƙurmus da rani, bushewar nan kuwa ita ke kashe ciyawar ruwa. Da aka koma sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacalla ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogi ya toshe. Sakamakon haka wani gari ruwa ya ci gonakinsa da gidajensa, wani gari kuma da ke gaba kaɗan ko ɗigo bai isa gare shi ba. Agwagin da ke son sararin ruwa suka rasa wurin sauka, jirgin masunci ya rasa hanya. Wanda ya ci riba shi ne jan-baki, wanda ya sami maƙwabci mai kyau a cikin kacalla, yana fita da safe ya auka wa shinkafa da gero. Sauro da dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya su ma sun gode.

Namu fadamun na gida ba su da girman wannan, amma irin cutar ɗaya ce, sai dai a hankali take ci. Tun daga shirin raya aikin gona na Funtuwa da aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, har zuwa shirin Fadama na shekarun 1990, taki da maganin feshi da injin ban-ruwa sun shiga kowane lungu. Amfani ya ƙaru, gaskiya ne. Amma an nome fadama har bakin ruwa, ba a bar ko taki goma na ciyawa ba, aka sare gabaruwa da giginya da ke riƙe gaɓa, ƙasa ta zaizaye ta cike tafkuna. Ƙasar auduga ce tamu, feshi kuwa ba ya tsayawa a ganyen auduga. Ruwan sama yana wanke shi zuwa rafi, ya kashe ƙwarin da shamuwa da tsattsewa suke ci. Mafi muni shi ne zuba guba a ruwa da gangan don kama kifi, kamar yadda aka daɗe ana yi da Gamalin 20, wanda ke kashe babba da ƙarami har da ƙwai, kuma ya bi kifin zuwa cikin tukunya. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta yarda a daina amfani da su a gona tun 2009. Ga kuma makiyayi da aka toshe wa burtali da mashaya, wanda wannan wata lacca ce mai zaman kanta.

Gauraka ita ce ma'auni mafi sauƙi. Tsuntsuwa ce da ake kira ta ƙasa a Nijeriya, kuma dattawa a wannan zaure sun san lokacin da ake jin kukanta a fadamu da asuba. Tana yin sheƙa a ƙasa, cikin ciyawar da ruwa ya kewaye, saboda haka da zarar garma ta shiga wurin, ta rasa gida. Aka kuma bi ta da kamu ana sayarwa don ado a gidajen masu hali. Yau da wuya a ga garkenta a daji a ko'ina cikin Nijeriya. Mai son ganin haka sai ya tafi Chadi ko arewacin Kamaru.

Abin da za a iya yi ba boyayye ba ne, kuma yawancinsa aikin ofis ne. Hukumomin koguna suna iya tsara sakin ruwa ya kwaikwayi ambaliyar damina, a kuma bar kogi ya bushe na ɗan lokaci da rani don a karya kacalla. Ƙaramar hukuma tana iya shata iyakar noma daga bakin rafi, ta sa hakimai da dagatai da Sarkin Ruwa su tsare ta, domin su ne suka san wanda ya zuba guba da dare. Makarantun da ke kusa da madatsun ruwa, irin ta Mairuwa, suna iya fita da ɗalibai kowane Janairu su ƙirga tsuntsayen da suka gani, su rubuta a littafi ɗaya, shekara bayan shekara. Aikin nan ba ya bukatar fiye da madubin hangen nesa guda da malami mai haƙuri.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.